Yadda Aka Duba Mini Doki Kafin In Saya, da Abin da Ya Biyo Baya

Na daɗe ina hawan dawakin mutane kafin in yi tunanin mallakar nawa. Dokin aro daɗi gare shi: ka tarar an ɗaura sirdi, ka hau ka sha iska, ka sauka ka miƙa linzami. Cinsa da ciwonsa da kofatonsa duk matsalar mai shi ce. Da na ƙudura sayen nawa, likitan dabbobin da na je wa shawara bai tambaye ni irin dokin da nake so ba. Cewa ya yi, "Malam, wane aiki zai yi maka?" Na ce tafiya mai nisa a natse, ba tsere ba, ba tsallake shinge ba. Ya ce to, rabin waɗanda nake lissafawa sun fita daga zance.

Da gaskiyarsa, domin kowane irin doki akwai aikin da aka ƙera shi dominsa. Dokin Larabawa, mai ɗan lotsawar fuska da manyan ƙofofin hanci da wutsiya a ɗage, na juriya ne. Bai cika tsayi ba, bayansa gajere, wasunsu ma haƙarƙari 17 gare su a kowane gefe maimakon 18 da aka saba gani. A gasar tafiyar kilomita 160 a yini guda, shi da 'ya'yansa ne kan gaba. Dokin tseren Ingila kuwa, wanda ake kira Thoroughbred, gudu aka nema a jikinsa. Duk wanda ke raye yau, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, a kan ɗaya daga ingarmu uku za a tsaya: Byerley Turk, da Darley Arabian da aka kai Ingila a 1704, da Godolphin Arabian. Tun 1791 ake rubuta zuriyarsu a littafi. Doki ne mai zafin jini, mai sirarar fata, mai cin abinci da yawa, kuma wanda ya fito daga filin tsere sau da yawa ƙafafunsa sun riga sun sha wahala. Akwai Barb na Arewacin Afirka, wanda ba shi da kyan fuskar na Larabawa amma yana da ƙarfin ƙafa da haƙurin ƙarancin abinci. Akwai Quarter Horse na Amurka mai kaurin cinya, gwanin gudun gajeren zango. Akwai Shire na Ingila, ƙaton mai jan kaya. Wani daga cikinsu mai suna Sampson da aka haifa a 1846 ya kai santimita 219 a tudun kafaɗa. A ɗaya gefen ga ƙanana irin Shetland, domin duk dokin da bai wuce kimanin santimita 148 ba a sahun kuru ake sa shi.

Ni dai zuciyata tana kan na Larabawa. Na kuwa samu wani hurde mai wannan siffa, kai ƙarami, wuya a lanƙwashe, in ya taho sai ka bar abin da kake yi ka kalle shi. Mai shi ya ce shekararsa takwas, bai taɓa ɗingishi ba, bai taɓa ciwon ciki ba, yaro ma yana hawansa. Dokin mai baki ya fi gudu, in ji masu magana. A bargar akwai wani jan doki dandaƙaƙƙe, ruwa biyu, da ba wanda ya yi mini tallarsa. Na roƙi a bari likitana ya duba su duka biyun. Na ce likitana, domin wannan sharaɗi ne da ba na sassautawa: wanda zai duba doki ya zama mai saye ne ya ɗauko shi, ba likitan da ya saba yi wa mai sayarwa aiki ba.

Mun isa da sassafe, kuma likitan ya riga ya nemi kada a fitar da dawakin ko a motsa su kafin mu zo. Doki mai taurin gaɓa yakan sake in jikinsa ya ɗumama, sai ciwon ya ɓuya. Da hurden aka fara. Likitan ya tsaya daga nesa yana kallon yadda yake tsaye, ko yana ɗage wata ƙafar gaba, ko yana cizon itacen barga yana haɗiyar iska. Sannan ya matso ta gefen kafaɗa yana yi masa magana. Doki yana gani kusan ko'ina kewaye da shi saboda idanunsa a gefen kai suke, sai wurare biyu: daf da goshinsa, da kuma daidai bayansa. Wanda ya ɓullo masa ta nan ba sanarwa shi ke shan harbi.

Ya haska idanun a wuri mai duhu. Ya saurari zuciya ta bayan gwiwar hannun hagu, ya ce in riƙe waɗannan lambobi domin zan buƙace su har abada: babban doki a hutawa zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, numfashi sau 8 zuwa 16, zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5. Ya ɗaga leɓe ya danna dasashi da yatsa. Wurin ya yi fari, jan ya dawo kafin daƙiƙa biyu, alamar jini yana gudana yadda ya kamata.

A baki ne zancen shekara takwas ya rushe. Haƙoran gaba na dindindin suna fitowa bi da bi, a shekara biyu da rabi, uku da rabi, huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Daga nan sai a riƙa duba cinyewarsu. Ƙaramin doki saman haƙorinsa mai faɗi ne da rami a tsakiya. Da shekaru suka tura ramin yakan shafe, haƙorin ya koma mai kusurwa uku, na sama da na ƙasa su riƙa turowa gaba. Akwai kuma wani tsagi da kan bayyana a haƙorin gefe na sama wajen shekara goma, ya sauko rabi wajen sha biyar, ya kai ƙasa wajen ashirin. Na hurden ya kai rabi. Likitan ya ce, "Haƙori ba takardar haihuwa ba ce, yakan yi kuskuren shekara biyu ko uku. Amma takwas da sha biyar ba kusa suke ba." Mai dokin ya ce shi ma haka aka gaya masa lokacin da ya saya. Wataƙila gaskiya ya faɗa.

Shekara sha biyar ba tsufa ba ne ga dabbar da kan kai 25 zuwa 30, don haka ban karaya ba tukuna. Sai likitan ya ɗaga wutsiya ya nuna mini wasu baƙaƙen ƙullutai masu tauri a ƙarƙashinta. Ya ce wannan tsiro ne na fata da ya zama ruwan dare ga dawakin da gashinsu ke yin fari da shekaru. Galibin waɗanda suka haura sha biyar suna da shi. Sau da yawa yakan zauna shekaru bai yi komai ba, wani lokaci kuma ya girma ya hana kashi fita, ko ya bazu a cikin jiki.

A ƙafafu ya fi daɗewa, kuma a nan na fi ƙaruwa. Ya ce in duba abin da muke kira gwiwar gaba ta doki: a jikin mutum wuyan hannu ke nan. Abin da ke ƙasa da ita duk yatsa ɗaya ne da ƙashin da ke ɗauke da shi, yatsan tsakiya, kofato kuma farcensa. Dabba mai nauyin kilo 400 ko 500 a kan yatsu huɗu take tsaye, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin a kan na gaba yake. Shi ya sa ɗingishi ya fi kama ƙafar gaba. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu tsoka ko kaɗan, ƙashi ne da jijiyoyi da fata. Ya sa na shafa bayan ƙwaurin da hannuna. Lafiyayyun jijiyoyi za ka ji su daban-daban, a miƙe, da sanyi, kamar igiyar guga da nauyin ruwa ya ja. In ka ji kumburi ko ɗumi ko dokin ya janye, akwai magana. Jijiya in ta yage takan ɗauki watanni da yawa, har shekara, kafin ta warke, kuma ba ta komawa da ƙarfinta na da.

Aka fito da shi fili mai tauri, aka ja shi da tafiya, sannan da sassarfa, yana tafiya yana dawowa. Ban ga komai ba. Likitan ya ce in daina kallon ƙafa, in kalli kai. Doki mai ciwo a ƙafar gaba yakan ɗaga kai lokacin da mai ciwon ta taɓa ƙasa, ya sauke shi lokacin da lafiyayyar ta taka. Daga nan ya naɗe ƙafar gaba ta dama ya riƙe ta kusan minti ɗaya, yana saki aka ja dokin da sassarfa. Kan nan ya yi ta sama da ƙasa, ko makaho ya ji bambancin sautin takun. Aka zagaya da shi da doguwar igiya ta ɓangaren dama, ɗingishin ya sake fitowa ba tare da an naɗe komai ba. Likitan ya ce ana iya ɗaukar hoton ƙashi a gano ainihin wurin, amma ga mai neman dokin tafiya mai nisa, amsar ta riga ta fito. Na so dokin nan ƙwarai. Na bar shi.

Jan dokin ba abin da zai sa ka waiwaya. Kansa ɗan babba ne, wutsiyarsa a ƙasa. Amma haƙoransa sun yi daidai da shekara tara da aka faɗa, ƙafafunsa a miƙe suke in ka tsaya a gabansa, kofatan gaba biyu girmansu ɗaya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin kofaton da ya tsuke ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta yakan nuna an daɗe ana tausaya wa ƙafar. Likitan ya matsa kowane kofato da wani abu mai kama da awartaki, bai motsa ba. Aka ɗaura sirdi na hau, aka ce in yi sukuwa har ya yi gumi, in wuce ta kusa da likitan. Numfashi yake saurare. Doki ta hanci kawai yake numfashi, ba ya iya buɗe baki ya ja iska, don haka ɗan cikas a maƙogwaro babban abu ne. Akwai wata shanyewar ɓangaren maƙogwaro, yawanci na hagu, da ta fi kama dogayen dawaki, wadda ke sa fito ko gurnani in suna jan iska. Wannan ba shi da ita. Aka bar shi ya huta, aka sake sauraron zuciya, aka sake ja da sassarfa, domin wani ɗingishin sai jiki ya huce bayan aiki yake bayyana. A ƙarshe aka ɗebi jini aka ajiye, saboda in ɗingishi ya ɓullo bayan ciniki a iya bincikawa ko an ba shi maganin kashe zafi a ranar.

Likitan bai ce dokin ba shi da aibi ba, kuma na lura ba sa faɗin haka. Ya rubuta cewa akwai ɗan ƙullin ƙashi da ya daɗe da warkewa a gefen ƙwaurin hagu, turamen haƙoransa sun yi kaifi, kuma bai ga abin da zai hana shi aikin da na ambata ba. Da wannan na saya.

Da aka kawo shi bargar da zai zauna, ba a haɗa shi da sauran dawaki ba. Mako uku ya yi shi kaɗai, da bokitinsa da kayan shararsa daban, ana auna zafinsa safe da yamma. Mura ta dawaki da cutar nan mai kumbura kaluluwar maƙogwaro har ta fashe da mugunya suna iya zuwa a jikin dokin da ke cin abincinsa lafiya lau. A wannan zaman aka fara masa allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora, tunda ba mu da tabbacin an taɓa yi masa: allura biyu, tsakaninsu mako huɗu zuwa shida, sannan ta ƙari daga baya. Doki yana cikin dabbobin da wannan cuta ta fi yi wa illa, ƙwayarta tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ƙusa ɗaya a kofato ta isa. Maganin tsutsar ciki kuwa ba a ba shi da ka ba. An kai kashinsa ɗakin gwaji aka ƙirga ƙwan tsutsa tukuna, saboda yawan ɗura magani ba bisa ƙa'ida ba ya sa tsutsotsi da dama sun daina jin sa.

Abinci ne ya fi cin tunanina. Don sanin nauyinsa na auna kewayen ƙirji, santimita 180, da tsayin jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, 155. Ana ninka kewayen da kansa, a ninka da tsayin, a raba da 11,880. Ya ba ni kimanin kilo 420. Doki yana buƙatar busasshiyar ciyawa ko ingirici da ya kai kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nauyinsa kullum, wato nawa kilo shida zuwa takwas da ɗan ɗori. Hatsi ƙari ne ga mai aiki, ba shi ne tushe ba, kuma a ganina nan ne masu doki da yawa ke cutar da shi da sunan gata. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kacal, domin dabba ce da aka halitta ta yi kiwo kusan awa 16 a yini tana ci kaɗan-kaɗan. Ba shi da maɗaciya. Tumbin yana zubo ruwan tsami dare da rana ko da abinci ko babu, miyau kuma, wanda ke rage kaifin tsamin, sai yana tauna yake fita. Dokin da aka bari awanni ba abin taunawa gyambon ciki yake nema. Ainihin narkar da ciyawa a can baya ake yi, cikin wata babbar jakar hanji da babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya ke aikin. Canza abinci farat ɗaya yana hargitsa su, shi ya sa na karɓo ingiricin da ya saba ci, na riƙa gauraya shi da sabon har kusan mako biyu. Hatsi in ya yi yawa ya tsallake zuwa can baya yakan jawo kumburin naman da ke riƙe ƙashi da bangon kofato, ciwon da kan sa doki tsayawa ya jingina baya yana ƙin taka ƙafafun gaba.

Ƙiba ma akwai ma'auninta, daga 1 zuwa 9, wanda Don Henneke ya tsara a Amurka a 1983. Biyar ake so: ba ka ganin haƙarƙari, amma kana jin su da ka shafa.

Haƙoran aka gyara bayan ya natsu. Haƙorin doki yana ci gaba da turowa milimita biyu zuwa uku a shekara, kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, don haka gefen waje na turamen sama da gefen ciki na na ƙasa ba sa gogar juna, sai su yi tsini su riƙa yanka kumatu da harshe. Aka yi masa allurar kwantar da hankali, aka buɗe bakin da ƙarfe, aka goge tsinin da magagari. Kafin nan yakan zubar da dunƙulen ciyawa da ya tauna rabi, yana kuma kaɗa kai in na ja linzami. Duk suka daina.

Mai gyaran kofato dattijo ne mai ƙarancin magana. Na tambaye shi, "Baba, sai an sa masa takalmin ƙarfe?" Ya ɗaga ƙafar, ya kankare, ya danna wurin nan mai taushi mai kusurwa uku da ke tsakiyar tafin kofato, ya ce, "Yaro, bar shi haka. In ƙasar da kake bi ta fi cin kofaton fiye da yadda yake tsirowa, sai mu yi magana." Kofato yana tsiro milimita 6 zuwa 10 a wata, yana ɗaukar wata tara zuwa shekara kafin ya sabunta daga sama har ƙasa, ana kuma datse shi duk mako shida zuwa takwas. Ya nuna mini wata jijiyar jini a bayan idon sawu, ya ce in saba da jinta kullum. A lafiyayyen doki da ƙyar ake jin bugunta, in ta yi ƙarfi kuma kofato ya yi ɗumi, kada in jira gobe. Sharar kofato kuwa aikina ne, kafin hawa da bayan sauka.

Lambobin da likitan ya ce in riƙe sun yi amfani da sanyi ya shigo. Na riga na san zuciyar dokina 36 take bugawa a hutawa. Wata yamma na tarar bai taɓa ingiricinsa ba, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, kashin da ya yi kaɗan ne kuma busasshe. Bugun ya kai 52. Na kara kunne a kwiɓinsa, kukan hanjin da aka saba ji ya yi ƙasa sosai. Na kwashe abincin, na kira likita, na riƙa jan dokin da tafiya a hankali. Doki ba ya amai, ƙofar tumbinsa shiga kawai take bari, shi ya sa ciwon ciki a wurinsa ba abin jira ba ne. Likitan ya zura hannu ta dubura ya taɓo cushewar kashi a wata kwana da babban hanji ke lanƙwasawa ya tsuke, inda aka fi samun irinta. Ya zura roba ta hanci har tumbi, ya ɗura ruwa da gishirin magani, ya yi allurar rage ciwo. Dalilin mai sauƙi ne: dokin da ke shan lita 25 zuwa 40 a yini yakan rage sha in ruwa ya yi sanyi, busasshen ingirici kuma ya taru. Washegari da hantsi kashi ya fito da laushi, aka fara mayar masa da abinci kaɗan-kaɗan.

Tun daga nan, in sanyi ya yi nakan surka masa ruwan ya yi ɗumi, in ajiye dutsen gishiri inda zai lasa, in kuma duba inda ruwa ya tsaya a bokiti kafin in zubar. Lafiyayyen doki yakan yi kashi sau takwas zuwa goma sha biyu a yini, don haka kafin a share barga da safe nakan ƙirga.